Ceto Ba Haja Ba Ce: Asalin Aƙidar Da Ta Raba Kiristocin Turai

Wata rana bayan an tashi daga aiki, na zauna ina sauraron abokan aikina biyu suna taɓa musu. Ɗayansu ya dubi ɗan'uwansa, wanda Kirista ne ɗan cocin Lutheran daga Adamawa, ya ce: "To Malam, idan bangaskiya ce kaɗai ke ceton mutum a wurinku, me zai hana ka wawure dukiyar jama'a da safe, da yamma ka ce ai ka ba da gaskiya?" Aka yi dariya, aka watse. Ni kuwa tambayar ta bi ni har gida, domin na lura cewa da yawa daga cikinmu mun yi shekaru muna zaune da maƙwabta ba tare da sanin abin da suke nufi da kalmomin addininsu ba. Rashin sani kuwa, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Asalin maganar a Jamus take. Martin Luther, wanda aka haifa a shekarar 1483, ya shiga gidan sufaye a birnin Erfurt a 1505, inda ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare da yawan furta zunubansa, amma zuciyarsa ta ƙi natsuwa. Kullum tambayarsa ita ce: aiki nawa zai ishe ni in tsaya gaban Allah? Da ya zama malami a Jami'ar Wittenberg yana karantar da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sai ya fahimci cewa ceto kyauta ce daga alherin Allah ta dalilin Almasihu, kuma da bangaskiya ake karɓar ta, domin babu aikin ɗan Adam da ya kai ya zama kuɗinta.

Da wannan fahimta ta tsaya a aji da babu wanda zai ji labarinta, sai dai ta ci karo da kuɗi. A lokacin, wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo yana sayar da takardun sassauci, waɗanda aka ce suna rage horon da ke jiran mutum ko mamatansa saboda zunubi. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ne ginin babbar majami'ar Saint Peter a Roma. Ranar 31 ga Oktoba, 1517, Luther ya aika wa Akbishop Albrecht na Mainz batutuwa 95 yana ƙalubalantar wannan ciniki. A 1521 Fafaroma Leo na Goma ya kore shi daga Cocin Katolika, kuma a wannan shekarar ya tsaya gaban Sarki Charles na Biyar a birnin Worms ya ƙi janye kalamansa.

To, ina amsar tambayar abokin aikina? Luther da kansa ya bayar da ita tun a 1520, da misalin itace da 'ya'yansa: itacen kirki ne ke haifar 'ya'ya masu kyau, 'ya'yan ba su ne suka mai da shi itacen kirki ba. Ma'ana, aikin alheri shaida ce ta bangaskiya mai rai, wanda ya ce ya ba da gaskiya alhali hannunsa na cikin asusun jama'a kuwa ya ƙaryata kansa. Cocin Katolika, a babban taronta na Trent, ta fitar da matsayinta a 1547 cewa alherin Allah ne farko, amma dole mutum ya ba da haɗin kai, bangaskiyarsa ta yi aiki cikin ƙauna, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta nanata. A 1567 Fafaroma Pius na Biyar ya hana haɗa sassauci da kuɗi.

Ban ce tsoron mai tambayar ba shi da tushe ba. Fasto Dietrich Bonhoeffer, shi ma Bajamushe ɗan Lutheran, ya rubuta a 1937 yana kokawa da abin da ya kira alheri mai araha, wato gafarar da ake wa'azinta ba tare da tuba ba. Shi bai tsaya ga rubutu ba: ya yi adawa da mulkin Hitler har aka rataye shi a watan Afrilun 1945.

Bayan ƙarnoni ana gaba, har da yaƙin shekara talatin daga 1618 zuwa 1648, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a birnin Augsburg ranar 31 ga Oktoba, 1999, inda suka amince cewa da alheri ake samun ceto, kuma alherin ne ke kiran mutum zuwa aikin kirki. Lamarin ba shi da nisa da mu, domin Akbishop Musa Panti Filibus na cocin Lutheran mai hedikwata a Numan ya shugabanci wannan tarayya daga 2017 zuwa 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sana'ar Tetzel ba ta mutu tare da shi ba. Har gobe akwai masu hawa mumbari suna nuna wa talaka cewa girman baikonsa ne zai buɗe masa ƙofar albarka, shi kuwa ya sayar da akuyarsa ya kai. Duk wanda ya san tarihin 1517 zai gane wannan haja ko da an sake mata mazubi. Shawarata ga mai karatu ita ce, in zai yi musu da maƙwabcinsa kan aƙidarsa, ya fara tambayarsa abin da yake nufi, ya kuma tsaya ya ji amsar kafin a tashi.