Irin Da Aka Haska

Jama'a manoma, kowa ya taɓa ganin wannan a gonarsa: ka shuka iri ɗaya, amma wata shuka guda ta fito daban da ƴan uwanta. Ko ta riga su nuna, ko zangarniyarta ta fi tsawo. Mai hankali sai ya ware ta, ya ajiye don baɗi. Haka kakanninmu suka samu irin hatsin da muke ci yau.

Abin da ke sa haka yana cikin ƙwayar iri. Akwai wani gado a ciki, ƙanƙane, ido ba ya ganinsa. Shi ke faɗa wa shuka tsawonta da launinta da kwanakin nunarta. Wani lokaci gadon nan yakan sāke da kansa, amma ba kullum ba. Sai a yi shekaru ba a gani ba.

A shekara ta 1928 wani masani a Amurka, Lewis Stadler, ya nuna ana iya gaggauta wannan sauyi. Ya haska sha'ir da masara da irin hasken nan da likita ke ɗaukar hoton ƙirji da shi, wanda muke ce wa radiyo (ba dai tamu mai magana ba!). Yau an fi amfani da wani haske mai suna gama. Tun 1964 hukumar abinci ta duniya, FAO, da hukumar makamashin nukiliya suka haɗa kai kan wannan aiki, a ƙasar Ostiriya. Iri fiye da 3,000 aka samu ta wannan hanya.

To, ku lura da kyau, hasken ba ya zaɓe. Ba ya san mai kyau da maras kyau ba. In ya yi yawa, iri ya mutu. In ya yi kaɗan, ba abin da ya sāke. Ko an daidaita shi, mafi yawan sauyin ɓarna ne: wata shuka ta fito fara fat, wata ta tsumbure, wata ba ta yin ƴaƴa. A shuka ta fari ma ba a ganin komai sosai, sai a ta biyu. Nan malaman bincike ke bin dubban shuke-shuke ɗaya bayan ɗaya, suna neman guda da ta fi. Su sāke shuka ta, damina bayan damina, har ta tsaya kan halinta. Aikin kan ci shekaru.

Ga misali daga Sudan. A yankin Kordofan ta Arewa ruwa yana ƙaranci, gujiya tana bushewa kafin ta nuna. A 2018 aka fito da wata sabuwar gujiya, Tafra-1. Tana yi da ruwan sama ƙasa da milimita 250 a shekara, alhali ta dā tana son wajen 350. Duk manomin da ruwa ya taɓa ɗauke masa a watan takwas ya san abin da milimita 100 ke nufi.

Wasu na tambaya: ba guba a ciki? Babu. Haske ya ratsa iri ya wuce, ba ya zama ciki, kamar yadda wanda aka yi wa hoto a likita ba ya komawa gida da haske a ƙirji. Kuma ba a ɗauko gadon wata halitta aka sa masa ba.

In malamin gona ya kawo maka sabon iri, tambaye shi kwana nawa yake yi. Gwada shi a gefen gona tukuna, kada ka gauraya shi da naka.