Rumbun Iri na Ƙasa da Sharuɗɗan Ɗorewarsa a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda Nijeriya take adana irin shukar da ta gada, da abin da adanawar take bukata. Kowane iri, alal misali kaura da farafara a dawa, ko kanannado a wake, yana ɗauke da halayen gado, kamar jure fari ko cuta. Da waɗannan halaye ne masana suke fitar da ingantaccen iri. Saboda haka, in manoma suka watsar da tsohon iri ya ɓace, halayensa sun tafi ke nan.

2.0 Cibiyoyin Adanawa

A shekarar 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyar NACGRAB a Ibadan, ta ɗora mata alhakin tattara iri da adana shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tana bincike a kan dawa, masara, gyaɗa, wake da auduga. Ita kuwa IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta ƙasa da ƙasa ce, tana riƙe da samfurin wake kimanin 15,000.

3.0 Hanyar Adanawa

Akan karɓo iri daga gonaki, a rubuta sunansa da inda ya fito, a busar da shi, a rufe shi yadda iska ba za ta shiga ba, sa'an nan a ajiye shi cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Amma iri abu ne mai rai, ƙarfinsa yana raguwa. Don haka akan gwada tsirowarsa lokaci-lokaci, in ta yi rauni a shuka shi a girbe sabo. Doya da rogo kuwa, a gona ko a ɗakin gwaji ake raya su.

4.0 Haɗari da Rigakafi

Yankewar lantarki, gobara ko yaƙi na iya hallaka aikin shekaru. Maganin wannan shi ne raba ajiya. An buɗe rumbun Svalbard a ƙasar Norwe a 2008 domin haka. A 2015 cibiyar ICARDA ta karɓo ajiyarta daga can, bayan yaƙin Siriya ya raba ta da rumbunta na Halab.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, gina rumbu kaɗai bai wadatar ba. Sai an tanadi tsayayyiyar lantarki, da kuɗin sabunta iri, da ajiya ta biyu, an kuma sa manoma cikin aikin, tunda daga hannunsu irin ya fito.