ZANEN TASWIRA DA HANNU: WASA MAI KOYAR DA LABARIN ƘASA

A shekarar 1974 waɗansu mutane biyu a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ga yadda ake yinsa. Mutane kan zauna kewaye da tebur, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kuwa ko wane ya ɗauki matsayin wani matafiyi. Sa'an nan a shimfiɗa taswirar wata ƙasa wadda babu ita a duniya, su yi ta ratsa ta da baki, suna shawarar hanyar da za su bi. Masu wasan da yawa su ke zana taswirarsu da hannu, su shafa mata launi.

To, kada mai karatu ya zaci zanen taswira baƙon abu ne gare mu. A 1154 Al-Idrisi ya zana taswirar duniya a tsibirin Sikiliya, ya sa kudu a sama. A 1824 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswirar ƙasashen nan da Kogin Kwara a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Abin da ya rage shi ne malaman makaranta su ɗauki dabarar nan, domin yaro da yawa ya kan haddace sunayen koguna, amma a miƙa masa taswira ya kasa nuna gabas.

Ko da ya ke ƙasar ta ƙage ce, tilas ta bi ƙa'idar da Allah ya shimfiɗa ƙasa a kai. Malamin da ke kudancin Kano ba ya bukatar neman misali nesa. Duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, suna ƙasar Doguwa can kudu. Kogin Kano ya gangaro daga kudu, ya ratsa Dajin Falgore wajen Doguwa da Tudun Wada, ya zuba cikin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974. A ƙasar Kiru kuwa akwai Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da ta Zariya. Watau ga tudu, ga daji, ga kogi, ga mararraba. Sai malami ya sāke musu sunaye da wurare, amma ya kiyaye abu uku: ruwa daga tudu ya ke gangarowa, ƙananan rafuka su ke haɗuwa su zama kogi, gari kuma ba ya kafuwa sai kusa da ruwa ko bisa hanyar fatake.

Kayan aikin ba su da tsada. A sami farin ƙyalle ko babbar takarda mai kauri, a fara zanawa da fensir. Duwatsu za a fara sawa, sa'an nan koguna, sa'an nan daji da garuruwa, hanyoyi su zo daga ƙarshe. In an gamsu, a bi zanen da alƙalami da tawada. Shuni ya isa ruwa, jar ƙasa ta isa duwatsu, gawayi kuma ya yi duhun daji. A dama ko wane da ruwan ƙaro don kada ya kakkaɓe, kuma kada a shafa wani launi sai na farko ya bushe. A gefe guda a sa kibiya mai nuna arewa, da ma'auni, misali inci ɗaya tafiyar yini ɗaya, da fassarar alamomi.

In taswira ta kammala, sai a raba yara ayari ayari. Malami ya ce musu ga gari kaza za su kai gishiri, guzurinsu na kwana bakwai ne, damina kuwa ta sauka, kogi ya kawo. Su za su auna nisa, su lissafta kwanaki, su zaɓa ko su ratsa daji ko su kewaya ta gada. Ba a sa kuɗi ko kwabo, don haka wasan ya yi nesa da caca. Da haka yaro zai koyi lissafi da labarin ƙasa da iya magana gaba ɗaya.

Akawuna ma suna da rabo a nan, gama wanda ya saba da ma'auni tun yana ƙarami ba zai ruɗe ba ran da aka ajiye masa taswirar iyakar gona ana gardama a kanta. Muna roƙon malaman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su jarraba wannan ko da sau ɗaya a zango. Allah ya sa a dace, amin.