Yanyawa a Bakin Gona

Ba sai ka je dajin Falgore ba kafin ka ga naman daji. Manoman Kiru da Bebeji sun san sawun yanyawa a gonakinsu. Ƙarama ce, ba ta kai dila ba, ga manyan kunnuwa, bakin wutsiyarta kuma baƙi.

Gaskiya takan ɗauki kaza in akurki bai rufu ba. Amma tana cin ɓera da fara da gara, maɓarnata hatsinmu, don haka kada a yi saurin ɗana mata tarko.

Mai son hotonta ya nemi raminta a jigawa bayan kaka. Da almuru take fitowa. Ka zauna nesa, inda iska ba za ta kai mata warinka ba. Tafi da yara, amma ka bar kare a gida.