Man Niyawuli: Magani Ne Ko Tsari?

Can cikin Tekun Fasifik, gabas da Ostareliya, akwai wani tsibiri da a ke kira Sabuwar Kaledoniya, wanda Faransa ta mallaka tun shekara ta 1853. A nan itacen niyawuli ya cika daji. Dangin itacen turare ne, wannan da mu ke shukawa bakin hanya da harabar makarantu. Ɓawonsa fari ne, ninki-ninki kamar takarda, shi ya sa gobarar daji ta kan cinye sauran itatuwa ta bar shi tsaye. Kanak, watau mutanen ƙasar, su kan rufe ɗakunansu da ɓawon, su kan kuma dafa ganyen su sha saboda mura.

Daga ganyen a ke samun man. A kan cika babbar tukunya da ganye, tururi ya ratsa shi, sa'an nan a sanyaya tururin, man ya taso bisa ruwa a kwashe. A shekara ta 1893 wani Bafaranshe, Jules Prevet, ya sa masa sunan ciniki Gomenol, saboda yankin Gomen na tsibirin. Da wannan suna ya shiga kantunan magani na Faransa. Yau Madagaskar ma tana fitar da shi.

Amfaninsa na gaskiya ne, ko da shi ke bai kai yadda a ke zuzuta shi ba. Yana da wani sinadari, siniyol, wanda ke cikin man itacen turare. Shi ne ke sassauta majina, mutum ya ji hancinsa ya buɗe. Babban mutum mai mura ya iya ɗiga ɗigo 2 ko 3 cikin ruwan zafi ya yi sirace. Yana kashe waɗansu ƙwayoyin cuta a fata, amma sai an gauraya kaɗan cikin mai mai yawa, kamar man gyaɗa, gama zallansa ya kan ƙona fata. Ba ya warkar da zazzaɓin cizon sauro, balle tarin fuka.

Masu sayar da shi a Turai da Amurka ba su tsaya nan ba. Waɗansu suna talla a intanet cewa yana korar miyagun ruhohi, yana tsarkake gida, yana tsare mutum daga sammu. Mu kam mun san wannan magana, laya ce kawai aka zuba cikin kwalba. Mai bi ya karɓi ganye da mai da godiya, domin Allah ne ya halicce su, amma tsaronsa yana wurin Ubangiji Yesu. Abin da ke cikin kwalbar nan iyakarsa hanci da fata.

Iyaye mata, ku lura da wannan ƙwarai. Wadda ta gaskata man yana korar aljannu, wa za ta fara shafa wa? Ai jaririn da ke firgita da dare ne, shi ne kuwa man ya fi yi wa lahani. Irin mayukan nan masu ƙarfin ƙanshi su kan jawo wa ƙananan yara taune-taune, su kan kuma sarƙe musu numfashi idan an shafa kusa da hanci. Saboda haka a shekara ta 2011 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba yaran da ba su kai wata 30 ba magungunan tari na cusawa ta dubura masu ɗauke da niyawuli ko kafur da makamantansu. Mace mai ciki, da mai asma, da mai farfaɗiya, su ma su tambayi likita tukuna.

Ba a shan man nan. A ajiye kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan kuwa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko a sa shi amai, gama man ya iya shiga huhunsa. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar domin likita ya ga abin da ya sha.