Katin Asibitin Kamfani: Wanne Ya Dace Da Mai Jiran Ƙaruwa?

A kowace shekara akwai lokacin da kamfanoni da yawa a Ikko da Badun da Fatakwal suke rarraba wa ma'aikatansu fom na inshorar lafiya, su ce kowa ya zaɓi tsarin da yake so da kuma asibitin da iyalinsa za su riƙa zuwa. 'Yan Arewa masu aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da masana'antun Ikeja, da bankuna, da kamfanonin sufuri, su ma wannan takarda tana zuwa hannunsu. Da yawa sukan cike ta a tsaitsaye, su ɗauki tsarin da ba ya cin albashi, su rubuta asibitin da ya fi kusa da wurin aiki. To, ga magidancin da iyalinsa ke da juna biyu, wannan sa hannu shi ne zai nuna ko za a karɓi matarsa ran da naƙuda ta zo da gardama, ko kuwa za a ce ya ajiye kuɗi tukuna.

Asalin abin

Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, amma ba a soma aiki da ita ba sai a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, har da duk ma'aikatar da ke da ma'aikata biyar ko fiye. Jihar Ikko ma tana da nata tsarin da ake kira Ilera Eko.

A tsakanin ma'aikaci da asibiti akwai kamfanonin da ake kira HMO, watau dillalan da ke karɓar kuɗi daga mai kamfani su biya asibiti. Su ne suke kasa tsarinsu hawa-hawa, waɗansu su kira na ƙasa tagulla, na tsakiya azurfa, na sama zinariya. Sau da yawa kamfani yakan ɗauki nauyin na ƙasa, wanda yake son na sama kuwa a riƙa yankar cikon daga albashinsa. Kowane hawa yana da jerin asibitocinsa, yana kuma da iyakar kuɗin da zai biya a kan kowace irin jiyya. A nan ne ake yin zaɓen tumun dare.

A ina za a haihu?

Wannan ita ce tambaya ta farko ga ɗan Arewa, kuma ita ce fom bai tanada ba. Bisa al'ada, mace mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta idan ciki ya kai wata bakwai, ba ta kuwa dawowa sai ta gama wankan jego. Har waɗanda suka saba haihuwa, waɗansunsu sun fi son su sauka a gida inda akwai mai kula da su. Ke nan awon farko a Agege ko Idi Araba za a yi shi, haihuwa kuwa a Kano ko Katsina ko Sakkwato.

Katin inshora a ɗaure yake da asibitin da aka rubuta. A tsarin gwamnati, da waɗansu tsare-tsaren kamfanoni, ana biyan wannan asibiti kuɗi a kan kowane mutum wata-wata, ko ya zo ko bai zo ba. Saboda haka wani asibiti da bai karɓi wannan kuɗi ba, ba lalle ba ne ya duba mai katin, sai dai in larura ce ta gaggawa, ita ma ɗin sai an sanar da HMO. Magidancin da ya rubuta asibitin Ikeja, matarsa kuwa tana Funtuwa, zai iya tarar da cewa katin da ake yankar masa albashi dominsa ba shi da wani amfani a ranar da aka fi bukatarsa.

Abin yi shi ne mutum ya nemi cikakken jerin asibitocin kowane tsari, ya duba garin da matar za ta sauka, ya tabbata akwai asibiti a can mai likitan mata da ɗakin tiyata. Waɗansu HMO suna da asibitoci barkatai a Kudu amma 'yan kaɗan ne a Arewa, su ma a manyan birane. Sa'an nan ya tambaya ko an yarda miji ya zauna a asibitin Ikko, a rubuta wa matar wani dabam a gida, kuma kwana nawa canjin yake ɗauka kafin sunanta ya bayyana a can. A yi wannan tun kafin ta hau mota. Tun ran gini ran zane.

Wace matar aka rubuta?

Tsarin gwamnati na ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma yawancin tsare-tsaren kamfanoni a kan wannan ma'auni suke. Mai mata biyu ko 'ya'ya shida sai ya biya ƙari a kan sauran. Idan uwargida ce a kati, amarya kuwa ke da ciki, to amarya ba ta ciki, sai an shigar da ita da sunanta.

Akwai masu ganin dabara ce amarya ta je awo da katin uwargida. Ban da cewa ha'inci ne wanda zai iya jawo a soke katin gidan baki ɗaya, akwai hatsarin rai a ciki. Fayil ɗin asibiti yana ɗauke da rukunin jinin mai katin da tarihin haihuwarta. Ran da jini ya ɓalle, likita na gaggawa, takardar da ke gabansa ta wata ce dabam.

Haka kuma a tambaya game da lokacin jira. Tsarin da mutum ya saya da kansa sau da yawa ba ya biyan kuɗin haihuwa sai an shekara a cikinsa. Na kamfani galibi ba shi da wannan sharaɗi, amma sabon ma'aikaci, ko wanda zai koma wani hawa alhali ciki ya tsufa, ya kamata ya ji daga ofishin kula da ma'aikata, a rubuce, cewa wannan cikin yana ciki. Idan kuwa miji da mata duka suna aiki, kowa da katin kamfaninsa, sai a aza biyun a faifai a ga wanda ya fi kula da haihuwa.

Lissafin ranar wahala

Awon ciki da haihuwa lami lafiya kusan kowane tsari yana biya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta sauka, saboda haka yana da kyau a ji ko awo nawa da hoton ciki nawa aka yarje. Amma ba a nan bambancin yake ba. Bambancin yana ga tiyata, da ƙarin jini, da jiyyar jijjiga, da kwanciyar kwana da kwanaki.

Hausawa sun ce haihuwa yaƙin mata. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ta nuna mata wajen 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya duka. Zubar jini da hawan jini na cikin manyan dalilai, jinkiri kuwa shi ke mai da su ajali.

Ga misali, a ce tsarin tagulla ya tsaya a N300,000 a kan duk abin da ya shafi haihuwa, asibitin kuwa yana yin tiyata a kan N800,000. Cikon N500,000 daga aljihun maigida zai fito, cikin dare ɗaya. Idan tsarin azurfa yana biyan tiyatar duka, ana kuwa yankar N15,000 a wata dominsa, a shekara N180,000 ke nan. Araha ba ta ado. Amma fa ba kowane tsari mai tsada ne ya fi ba. Wani ƙarin kuɗinsa na ɗakin aminiti ne da tabarau da wankin haƙori, iyakar kuɗin haihuwa kuwa tana nan yadda take. Layin haihuwa za a karanta, a kuma tambayi asibitin da kansa nawa yake yin tiyata.

Tiyatar da ba ta gaggawa ba tana bukatar lambar izini daga HMO kafin a yi, kuma jiran wannan lamba ya daɗe yana ba mutane wahala. Tun daga Afrilu na 2025 hukumar NHIA ta ba da umurnin a ba da izini cikin awa ɗaya. Ya kamata lambar wayar HMO ta kasance a hannun miji, da matar, da wanda zai raka ta asibiti a gida. A Nuwamba na 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta, amma domin mata marasa ƙarfi aka yi ta, a asibitocin da aka keɓe, don haka mai albashi kada ya gina lissafinsa a kanta.

Shi kuma jariri fa?

Da zarar an yanke cibi an sami mutum na biyu, da nasa lissafin. Bakwaini yakan yi makonni a kwalba, jariri mai shawara kuma akan kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, kowannensu kuwa kwana-kwana ake lissafa kuɗinsa. A ƙa'idar tsarin gwamnati, katin uwa yana ɗaukar jariri mako 12 daga ranar haihuwa. A tsare-tsaren kamfanoni wa'adin ya bambanta, wani ya fi wannan gajarta nesa ba kusa ba, wani kuma ya sa wa kuɗin kwalba iyaka. Mai jiran tagwaye ya tambaya ko iyakar ta kowane ɗaya ce ko ta su biyun.

A nan ma al'ada da takarda sukan saɓa. Uwa tana gida tana wanka, uba ya zo suna ya koma bakin aiki, kafin a yi arba'in a shirya dawowa wa'adin shigar da jariri ya wuce. Hanya mai sauƙi ita ce, da an raɗa suna a karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a ɗauki hoton yaro, uban ya miƙa su ofis ran da ya koma.

Magidancin da fom ya zo hannunsa a bana yana da damar ya ce a ba shi kwana biyu. Ya tafi da shi gida, ya zauna da maiɗakinsa su tsai da garin da za ta sauka, ya kira asibitin can ya ji ko suna karɓar wannan kati har yanzu, domin wani lokaci suna yana cikin jeri alhali an daina hulɗa. In karatun boko ya yi masa ƙaranci, a Sabo ko Agege ko Obalende ba a rasa ɗan'uwa malamin asibiti ko akawu da zai karanta masa ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda. Bayan haka sai ya sa hannu, ya kuma ajiye ɗan abin da ya samu a gefe ban da kuɗin ragon suna. Allah ya sauki masu ciki lafiya.