Alewar Wiwi Ba Maganin Ɗaukewar Haila Ba Ce

YOLA: A Yolde Pate, kamar ko'ina, mace in ta kai shekara 45 zuwa 55 haila takan ɗauke mata. Daga nan sai zafin jiki, da gumin dare, da rashin barci.

A Kanada, inda aka halatta wiwi cikin 2018, waɗansu mata kan sha alewarsa don neman sauƙi. Amma likitoci ba su tabbatar da amfanin wannan ba. Wiwin da aka ci yakan kai awa biyu kafin ya kama jiki, mai gaggawa sai ta ƙara, ta bugu.

A Nijeriya kuwa, dokar 1966 ta hana wiwi. Wadda abin ya dama ta tafi Asibitin Ƙwararru na Jimeta, akwai magani.